A Tare Kogin ko a Bar Shi Ya Wuce? Zaɓi Tsakanin Tashoshin Lantarki Biyu na Ruwa

Duk ƙasar da Allah ya hore wa kogi mai ƙarfi, ko ba daɗe ko ba jima sai ta fuskanci wannan tambaya: a gina ƙatuwar madatsa a tara ruwan shekara a tafki, ko a yi gajeriyar katanga a karkatar da ruwan ya bi ta cikin inji ya koma hanyarsa? Dukansu wuta suke bayarwa, kuma daga ruwa duniya ke samun kusan kashi 15 cikin ɗari na lantarkin da take amfani da shi. Sai dai abin da kowacce ke ci da abin da take bayarwa sun sha bamban ƙwarai. Wanda ya zaɓa bisa girman adadin megawat da aka rubuta a allon aiki kawai, shi ne ke cizon yatsa bayan shekara goma.

Lissafin tushe ba shi da wuya. Abu biyu ne ke haifar da wuta a tashar ruwa: yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da nisan da yake gangarowa kafin ya bugi farfelar inji. Kubik mita ɗaya na ruwa a daƙiƙa, idan ya faɗo daga tsayin mita 100, yana ba da kusan kilowat 900 bayan an cire abin da ke salwanta a bututu da inji. A ninka ruwan, wuta ta ninku. A ninka tsayin, haka nan. Shi ya sa ƙaramar ƙorama da ke faɗowa daga kan dutse mai tsawo za ta iya yin gogayya da babban kogin da ke tafiya a hankali cikin fili.

Madatsa mai tafki ita ke ƙirƙiro tsayin da kanta. Ana datse kwari da katangar kankare ko ta ƙasa da duwatsu, ruwa ya taru a baya har ya hau, a zuro shi ta ƙaton bututu zuwa ɗakin injina da ke gindin katanga. Tashar da ke bin gudun kogi kuwa aron tsayi take yi daga ƙasar wurin. Ko dai a sami magangara inda kogi ke faɗuwa, a ɗebi ruwa daga sama a bi da shi ta magudana ko ramin cikin dutse a sake shi a ƙasa, ko kuma a jera injina masu yawa a gajeriyar katanga a kan babban kogi, yawan ruwa ya cike gurbin rashin tsayi. Ajiyarta ba ta wuce ta 'yan sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu. Abin da kogi ya kawo yau shi za a sarrafa yau. Tafki rumbu ne, ita kuwa hannu baka hannu ƙwarya take.

Watan da ruwa ya ja baya

Nan ne zancen yake, kuma a ganina kashi mafi girma na hukuncin a nan ake yanke shi. Mu ɗauka wani kogi yana kawo kubik mita 100 a daƙiƙa da damina, a wurin da gangarar ta kai mita 100. Wannan megawat 88 ke nan ko kusa da haka. Idan rani ya tsananta ruwan ya koma kubik mita 10, tashar da ba ta da tafki za ta koma megawat 9 ko ƙasa, injina tara cikin goma suna zaune ana share musu ƙura. Bashin da aka ci aka saye su kuwa ba ya zama.

Tashar Belo Monte da ke kan kogin Shingu a Barazil ita ce babban misali. An rubuta mata megawat 11,233, tana cikin manya na duniya. Amma kogin kan haura kubik mita 20,000 a daƙiƙa lokacin ruwa, ya sauko kusan 1,000 da rani, kuma an rage girman tafkinta da gangan don kada ta cinye dazuka da ƙasashen 'yan asalin yankin. Sakamakon haka, wutar da aka tabbatar za ta iya bayarwa a matsakaici megawat 4,571 ne, kusan kashi 41 cikin ɗari na abin da ke kan allo. A watannin rani ma ba ta kusantar wannan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Nepal da Butan suna rayuwa da wannan matsala kowace shekara. Kusan duk tashoshinsu masu bin gudun kogi ne. Da damina wuta ta yi musu yawa har su sayar wa Indiya, da hunturu kuwa, lokacin da ƙanƙara ta daskare a kan duwatsun Himalaya koguna suka ragu, sai su juya su sayo daga Indiyan. Abin yana tafiya ne don suna da babbar maƙwabciya mai saye mai sayarwa. Ƙasar da ba ta da irin wannan maƙwabciya, ko ba ta da layin da ya haɗa ta da ita, ta san cewa duhu ne ke jiran ta a waɗannan watanni, ko kuma kuɗin man janareta.

To amma ba duk koguna ne haka ba. Kogin Kwango yana shan ruwa daga arewa da kudancin tsakiyar duniya, damina biyu da ba sa zuwa tare, don haka gudunsa na kusan kubik mita 41,000 a daƙiƙa ba ya faɗuwa warwas. Tashoshin Inga na ɗaya da na biyu, na 1972 da 1982, ba su buƙaci wani babban tafki ba. Matsalolinsu na rashin gyara ne da yashi a magudana, ba na ƙarancin ruwa ba. Haka Bujagali a Yuganda, mai megawat 250 da aka buɗe a 2012: tana ƙasa da Tafkin Biktoriya, wanda ya riga ya yi mata aikin ajiya kyauta. Gina babban tafki a irin waɗannan wurare ɓarnar ƙasa ce kawai.

Kishiyarsu shi ne reshen Nilu da ke fitowa daga Habasha, wanda kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwansa na shekara ke wucewa cikin watanni huɗu, Yuli zuwa Oktoba. A irin wannan kogi, tashar da ba ta da ajiya za ta yi kallon ruwa yana tsallake katanga da damina, ta yi zaman jira sauran shekara. Shi ya sa Habasha ta yi tafki mai cin kubik mita biliyan 74, wato ruwan kogin na kusan shekara ɗaya da rabi.

Kada dai a ɗauka tafki maganin fari ne. Yana ɗauko ruwan damina ya kai shi rani, babba ma yana iya ɗauko na shekara mai albarka ya kai shekara mai ƙaranci. Masar ta tsallake farin shekarun 1980 ne da ruwan Tafkin Nasir da ke bayan madatsar Aswan. Amma idan fari ya jera shekaru, tafkin ma yakan gaza. Kariba da ke kan kogin Zambezi, wadda aka kammala a 1959, tana da tafkin da ya fi kowane tafkin ɗan Adam cin ruwa. Duk da haka a Nuwamban 2022 hukumar kogin ta umarci Zimbabuwe ta dakatar da injinanta don ruwan da ya rage bai isa ba, sannan a 2024 Zambiya, wadda fiye da kashi 80 cikin ɗari na wutarta daga ruwa take, ta kai ga ana ɗauke wuta awa 21 a rana. Akwai kuma wani abu da mutane kan manta: idan tafki ya ja baya, ba ruwa kaɗai ya ragu ba, tsayin faɗuwar ma ya ragu, don haka kowane kubik mita da aka saki yana ba da wutar da ba ta kai ta da ba.

Bayan lissafin wata akwai lissafin awa. Buƙatar wuta ba ɗaya take ba tsakanin hantsi da bayan magariba. Mai tafki yana iya rufe ƙofofi da rana, ya buɗe su cikin 'yan mintuna lokacin da gari ya kunna fitilu. Wannan ikon ya ƙara daraja yanzu da faifan hasken rana ya yi araha. A Longyangxia ta ƙasar Sin an haɗa madatsa mai megawat 1,280 da gonar faifan rana mai megawat 850: rana na aiki ruwa na hutawa, rana ta faɗi ruwa ya karɓa. Tashar gudun kogi mai ɗan ƙaramin wurin ajiya na sa'o'i tana iya yin kwatankwacin haka a cikin yini guda, amma ba za ta iya ɗauko ruwan Agusta ta kai shi Maris ba.

Abin da tafki ke ci

Da ajiya kyauta ce, da babu muhawara. Da ƙasa ake biyan ta, kuma yawanci ƙasa mafi kyau, domin bakin kogi ne mutane ke zama, nan fadama take, nan kaburburan kakanni suke. Hukumar Madatsun Ruwa ta Duniya, a rahotonta na shekarar 2000, ta ƙiyasta cewa manyan madatsu sun tashi mutane miliyan 40 zuwa 80. Sanxia a kan kogin Yangtze, mai megawat 22,500, ta tashi fiye da miliyan 1.2 ita kaɗai. Kariba ta tashi 'yan ƙabilar Tonga kusan 57,000, aka kai da yawansu tudu mara ruwa, kuma shekaru masu yawa suka wuce ƙauyukansu ba su ga wutar da aka kore su dominta ba. Akosombo a Gana ta tashi kusan 80,000. Kainji ta nutsar da tsohon garin Bussa. Aswan ta raba Nubiyawa da garuruwansu a Masar da Sudan, duniya ta haɗa kuɗi aka yanka gumakan Abu Simbel gunduwa-gunduwa aka haura da su tudu, su kuwa mutanen ba su sami rabin wannan kulawa ba.

Akwai ma'auni guda mai sauƙi da nake ganin ya kamata kowa ya riƙe, ko ɗan majalisa ne, ko ɗan jarida, ko dagacin da ruwa zai ci garinsa: a raba megawat da murabba'in kilomitar da ruwa zai rufe. Itaipu, tsakanin Barazil da Faraguwai, tana da megawat 14,000 a kan tafki mai murabba'in kilomita kusan 1,350, wato megawat 10 da ɗoriya a kowace murabba'in kilomita. Akosombo megawat 1,020 a kan kusan 8,500, wato bai kai kashi ɗaya cikin takwas na megawat ɗaya ba. Balbina a dajin Amazon ta nutsar da murabba'in kilomita kusan 2,360 don megawat 250 kacal. Bambancin daga siffar ƙasa yake. Kwazazzabo mai zurfi da matsi yana tara ruwa mai yawa a ƙaramin wuri. Shimfiɗaɗɗen fili kuwa ruwa malala yake yi a kansa, ya ci ƙauyuka ba tare da ya hau ba. Idan lissafin ya faɗo ƙasa da ɗaya, a nemi hujja mai ƙarfi kafin a amince.

Faɗin nan shi ke jawo sauran matsaloli. Na farko ƙafewa. A yarjejeniyar 1959 tsakanin Masar da Sudan, an ɗauki ruwan Nilu a kan kubik mita biliyan 84 a shekara, Masar ta karɓi 55.5, Sudan 18.5, aka bar wa rana biliyan 10 ta shanye daga saman tafki. Kason rana ya haura rabin kason Sudan gaba ɗaya. Na biyu cuta. Ruwa kwantacce mai ciyayi a gefe gidan dodon koɗi ne da ke ɗauke da tsargiya, kuma ƙauyukan bakin Tafkin Bolta, wato tafkin Akosombo, sun ga cutar ta yaɗu sosai bayan an cika shi. Sauro ma ya samu wurin haihuwa. Na uku iskar metan. Ganye da itatuwan da ruwa ya rufe suna ruɓewa a ƙasan tafki inda babu iska, su fitar da metan, wanda ya fi hayaƙin kwal ƙarfin ɗumama duniya. A ƙasashe masu sanyi da tafki mai zurfi abin kaɗan ne. A tafki mara zurfi a ƙasa mai zafi, irin Balbina, masu bincike sun nuna cewa abin da yake fitarwa ya wuce na tashar kwal mai ba da wuta daidai da tata.

A nan tashar gudun kogi ta yi wa mai tafki fintinkau, ba ko tantama. Aikin Rusumo a kan kogin Kagera, wanda Ruwanda da Tanzaniya da Burundi suka haɗa hannu a kai, da farko da tafki aka tsara shi. Da aka ƙirga gidajen da za a tasa a yankin da mutane ke cunkushe, sai aka koma tsarin gudun kogi mai megawat 80. An yi asarar wani abu na wuta, an tsira da dubban gidaje da gonaki.

Amma wanda ya ce tashar gudun kogi ba ta taɓa kowa, bai je tsakanin inda ake ɗibar ruwa da inda ake mayar da shi ba. Wannan yanki na kogi yakan koma tsirara. A Belo Monte, babban lanƙwasan kogin Shingu mai kusan kilomita 100 ya rasa mafi yawan ruwansa, masunta da 'yan asalin wurin suka wayi gari kwale-kwale ba ya wucewa, kifin da ke shiga daji ya hayayyafa lokacin ambaliya ba ya samun hanya. Ba a nutsar da su ba, an dai shanye musu kogi. Saboda haka duk yarjejeniyar irin wannan tasha da ba ta faɗi a rubuce yawan ruwan da dole a bar wa kogi a kowane wata ba, da wanda zai auna shi, ba ta cika ba. Katanga ko gajeriya ce tana tare kifi mai ƙaura, a jera biyar a kogi ɗaya kuma an gama da shi.

Laka

Ba a cika kawo ta a taron buɗe aiki ba, alhali ita ke yanke wa tafki kwanansa. Kogi ba ruwa kaɗai yake ɗauka ba, yana tafe da yashi da laka. Da zarar ya shiga tafki gudunsa ya mutu, sai ya sauke kayansa. Ana ƙiyasta tafkunan duniya na rasa rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na cikinsu kowace shekara. Sanmenxia a kan Rawayen Kogi na Sin, da aka kammala a 1960, ta cika da laka cikin 'yan shekaru har ta fara barazana ga garuruwan da ke samanta, dole aka sake huda katangar aka buɗe ƙofofin ƙasa don laka ta riƙa wucewa, aka haƙura da yawancin wutar da aka yi buri. Lakar da ta kwanta a tafki kuma ita ce wadda gonakin ƙasa suka rasa. Tun da aka gina madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970, manoman Masar suka daina samun takin da ambaliya ke kawowa, teku kuma na cin bakin ƙasar inda Nilu ke shiga cikinsa.

Tashar gudun kogi tana barin yawancin laka ta wuce, amma tana biya ta wata hanya. Yashi mai kaifi yana shiga inji da gudu yana gurzar farfela. A kogunan Himalaya akwai tashoshin da dole su kashe injina a ranakun da ruwa ya fi kauri, wato daidai lokacin da ya fi yawa, kuma gyaran farfela aikin kowace shekara ne. Ana rage wannan da manyan kwatamai inda ruwa ke lafawa yashi ya kwanta kafin ya isa bututu. Ɗan kwangilar da ke son rage kuɗi a nan yake fara yanka, kuma ba a gane ɓarnar sai bayan ya tafi.

Batun kuɗi gajere ne amma mai nauyi. A 2014 masu bincike a Jami'ar Oxford, cikinsu har da Atif Ansar da Bent Flyvbjerg, sun duba manyan madatsu 245 da aka gina tsakanin 1934 da 2007. Suka samu cewa a matsakaici kuɗin ya zarce kasafi da kashi 96 cikin ɗari, lokaci kuma da kashi 44. Wato duk adadin da aka gabatar, mai hankali ya kusan ninka shi kafin ya ce ƙasa za ta iya ɗauka. Ƙananan tashoshin gudun kogi sun fi saurin kammaluwa, ana iya gina su ɗaya bayan ɗaya, kuma idan ɗaya ta lalace ba ta durƙusar da baitulmali. Sai dai masu dogon rami a cikin dutse su ma sukan ci karo da ruɓaɓɓen dutse ko ruwan ƙarƙashin ƙasa su yi shekaru a tsaye. A ɗaya ɓangaren kuma, madatsa mai tafki idan ta tsaya da ƙafarta, tana iya yin shekara ɗari, kuma ba wuta kaɗai take sayarwa ba: ga noman rani, ga ruwan sha na birane, ga kamun kifi, ga tare ambaliya. Wanda ke buƙatar waɗannan da gaske, tashar gudun kogi ba ta da abin ba shi.

Na ce da gaske ne don waɗannan ayyuka suna faɗa da juna. Mai sayar da wuta yana son tafki a cike don tsayi ya ƙaru. Mai tare ambaliya yana son a bar wuri kafin damina ta yi ƙarfi. Manomi yana son ruwa a lokacin shukarsa. Idan aka riƙe tafki a cike sai ruwan sama ya zo fiye da zato, babu zaɓi sai a buɗe ƙofofi gaba ɗaya, waɗanda suka saki jiki suka yi gini a bakin kogi su kwana a ruwa. Haka ta faru a garuruwan da ke ƙasa da Akosombo a Oktoban 2023, haka kuma sakin ruwan Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ambaliyar 2012 ƙarfi a bakin Binuwai. Saboda haka kafin a tambayi tsawon katanga, a tambayi wa ke riƙe da makullin ƙofofi, wace doka yake bi, kwana nawa kuma zai ba mutanen ƙasa su kwashe kaya. Idan kogin ya ratsa wata ƙasa, tambayar ta koma ta diflomasiyya. Habasha ta fara ginin madatsarta ta reshen Nilu a 2011, ta fara tara ruwa a 2020, kuma duk tsawon wannan lokaci ita da Masar da Sudan ba su daina ja-in-ja ba. Tashar da ba ta riƙe ruwa ba ta cika tayar da irin wannan ƙura ba, tun da abin da ya shigo shi ke fita.

Haɗarin rushewa ya fi yawa inda aka tara ruwa, wannan a fili yake. A Vajont ta Italiya a 1963 katangar ma ba ta karye ba: gefen dutse ne ya zaftaro cikin tafki, ruwa ya tsallake ta sama ya hallaka mutane kusan 2,000. Banqiao ta Sin ta ɓalle a 1975, mutane dubbai masu yawa suka mutu. Amma tashoshin gudun kogi da ake sakawa cikin kwarin duwatsu su ma suna kan hanyar bala'i: a Fabrairun 2021 zaftarewar ƙanƙara da dutse a Uttarakhand ta Indiya ta share tashoshi biyu, mutane kusan 200 suka mutu ko suka ɓace, da yawansu ma'aikata ne a cikin rami.

Ba dole sai ɗaya ba

Tsarin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda ya haɗa su, amma da tsari: tafki ɗaya a can sama inda ƙasa ta dace kuma mutane ba su da yawa, sannan jerin tashoshin gudun kogi a ƙasa suna cin moriyar ruwan da ya daidaita. Kamaru ta yi haka a kogin Sanaga. Tafkin Lom Pangar na cin kubik mita kusan biliyan 6, tasharsa megawat 30 ce kawai, wanda ya kalle ta ita kaɗai zai ce an yi asara. Amma ruwan da yake saki da rani shi ya ɗaga wutar tashoshin Edea da Song Loulou da ke ƙasa, shi kuma ya sa Nachtigal mai megawat 420 ta zama abin da masu kuɗi za su yarda su zuba jari. A kogin Senegal ma, Manantali da ke Mali ke riƙe ruwa, Felou da Gouina na ƙasa suna amfana. Kubik mita guda yana juya farfela sau biyu, sau uku, kafin ya isa teku, ƙasar da aka nutsar kuwa sau ɗaya aka nutsar da ita. Kuskuren da ake yi shi ne a auna kowace tasha ita kaɗai, bisa ga wanda ya fara kawo kuɗi, maimakon a zana kogin gaba ɗaya tun daga tushe.

Idan kuwa abin da ake nema ajiyar awanni ce kawai, don a cike giɓin dare bayan faifan rana ya yi aikinsa, ba lallai a datse babban kogi ba. Ana yin ƙananan tafkuna biyu, ɗaya a kan tudu ɗaya a ƙasa, a tura ruwa sama lokacin da wuta ta yi yawa, a sako shi lokacin buƙata. Kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wutar da aka kashe ke dawowa. Dinorwig a Birtaniya da Ingula a Afirka ta Kudu haka suke aiki. Wannan ba ta ƙara wa ƙasa wuta, lokacinta kawai take sauyawa, don haka ba ta da amfani ga wanda ba shi da rarar da zai ajiye.

Ni dai da za a ba ni zaɓi, inda kogi ke gudu shekara duka, ko akwai tafki a samansa, ko akwai layin da zai kawo wutar wani wuri da rani, gudun kogi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Inda ruwa ke zuwa wata huɗu ya ɗauke, ga noman rani da birane na jira, ga kuma kwazazzabo mai zurfi da ba kowa a ciki, tafki ya cancanci kuɗinsa. Wurin da ya fi wuya shi ne kogi mai damina gajeriya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai cike da mutane. Gaba kura baya sayaki: tashar gudun kogi ba za ta ba da komai da rani ba, tafki kuma zai ci ƙasa mai yawa, rana ta shanye saura. A irin wannan wuri, gaskiya ita ce kogin bai dace da babbar tashar wuta ba, kuma gara a kai kuɗin ga faifan rana ko iska ko layin da zai haɗa da maƙwabta, ko da hakan ba zai ba shugaba katangar da zai yanke wa kyalle ba.

Duk wannan hukunci a kan takarda ɗaya yake tsaye, wato tarihin awon ruwan kogin. A nemi a ga na kowane wata, na shekaru talatin ko fiye, a duba shekara mafi muni ba matsakaiciya ba, a kuma tambayi a wane zamani aka yi awon. A 1922 jihohin yammacin Amurka sun raba ruwan kogin Kolorado a tsakaninsu bisa awon 'yan shekarun da daga baya aka gano suna cikin mafiya ruwa a tarihin kogin. Aka gina madatsar Hoover da sauransu a kan wannan lissafi. A Yulin 2022 Tafkin Mead da ke bayan Hoover ya sauka zuwa kusan kashi 27 cikin ɗari na cikinsa, mafi ƙanƙanta tun da aka fara cika shi a shekarun 1930, wutar Hoover ta ragu sosai, jihohin kuma har yanzu suna kan teburin sake rabon ruwan da bai taɓa kai abin da aka rubuta ba.